Malam Hamman da sanyar da ke filinmu

Ina durƙushe ina ɗaure wa 'yata Walida igiyar takalmin makaranta da safen nan, wayar Adda Fadi ta shigo. Ko gaisuwa ba mu gama ba ta ce mini, "Dija, Baba ya tafi."

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un.

Malam Hamman ya rasu. Mahaifin Adda Fadi, malaminmu na aikin gona a sakandare, wanda muka fi jin tsoron sa fiye da firinsifal, muka kuma fi son sa fiye da wasu kawunnanmu. Nan bakin ƙofa na zauna a ƙasa. 'Yata tana ta tambaya me ya faru.

Ina so in rubuta wannan kafin a fita da shi, saboda akwai abin da ya faru jiya da yamma da nake so ɗalibansa su ji. Zai yi tsawo, ku yi haƙuri, kun san ni da magana.

Ga wanda bai san shi ba, dogo ne siriri, kullum da malafa a ka, da wani tsohon keke da ake jin ƙararsa tun kafin ya shigo get ɗin makaranta. Bafulatani ne na unguwar Majidaɗi a nan Jalingo. Hausarsa irin tamu ce ta nan, mace da namiji duk "kai" ne a bakinsa. Har na yi aure na haihu bai daina ce mini "Kai Dija" ba, ni kuma ban taɓa son ya gyara ba.

Idan ya lura yaro ya zo makaranta bai karya ba, ba zai tambaye shi a gaban mutane ba. Sai ya haɗa fuska ya ce a je gonar makaranta a ɗanɗana masa gyaɗa ko ta nuna, kuma kada a dawo sai an tabbatar. Ni ma an aike ni wannan ɗanɗano ba sau ɗaya ba. Sai da na girma na gane ba gyaɗar ce ta dame shi ba.

Da mahaifina ya rasu, kullum yana tabarmar ƙofar gidanmu har aka share makoki.

Ranar bikina kowa ya kawo kwanuka da atamfa, shi ya kawo dashen tsamiya a cikin gwangwanin madara. Goggona ta kalli gwangwanin, ta kalle shi, ta ce ita dai ba ta taɓa ganin irin wannan gudummawa ba. Kwanukan duk sun fashe, tsamiyar tana nan a gidan iyayen mijina, a ƙarƙashinta ake shan iska.

Amma abin da duk ɗalibin Malam zai fara tunawa shi ne fitar Asabar. Yakan kwashe mu a ƙafa, shi yana tura kekensa, mu wuce ƙarshen gidaje ta wajen garin Kona. A lokacin can daji ne mai yashi, itatuwa jefi-jefi, kana hango mutum daga nesa. Ƙafa tana nutsewa, silifas yana tsinkewa, muna ta mita. Shi kuwa sai ka ce gidan 'yan'uwansa ya kawo mu gaisuwa. Ga sabara, ga gauɗe, ga tsada, ga gwandar daji. Kowacce sai ya tsaya ya gabatar da ita.

A cikinsu akwai wadda ya fi so, kuma bai taɓa ɓoyewa ba. Sanya. Wasu uwar magunguna suke ce mata.

Ba wata babba ba ce. Yawanci ba ta wuce tsayin mutum da kaɗan, jikinta fari-fari mai toka, rassanta sirara, ganyenta ƙanana. Da rani idan ta zubar da ganye, wallahi ba ka ce mata komai ba sai itacen girki. Amma da an yi ruwan farko sai ta rufe da fure shunayya, kalar da 'yan mata ke ce wa fafal, ƙamshinta ya tare ka tun kafin ka gan ta. Malam yakan ce a lokacin ko makaho zai gane ta, saboda haka babu maki ga wanda ya gane ta da fure.

Jarabawarsa da rani ce, lokacin da ba ganye ba fure.

Yadda ya koya mana, za ka durƙusa a gindinta, ka kawar da yashi da hannu a hankali har ka ga bayan saiwa. Ka ɗan kankara da farcen babban yatsa, ka kai hanci. Idan sanya ce, ƙamshin man zafi zai doke ka, irin wanda ake shafa wa mai mura. Sai ka mayar da yashin, ka taka shi da ƙafa, ka zo ka miƙa wa Malam yatsanka ya shinshina. Haka za ka ga layin 'yan sakandare a tsakiyar daji, kowa ya ɗaga babban yatsa yana jiran hancin malami. Masu wucewa da itace suna tsayawa su yi ta kallon mu.

Wuƙa ko fartanya, haramun ne a fitar Asabar. Ya ce sunan uwar magunguna ne ya jawo mata bala'i. Kowa saiwar yake so, mai ciwon kai, mai korar maciji, mai sa wa wake kada ya yi ƙwari, mai kaiwa kasuwa. A tone ta ta ko'ina a bar ta ta bushe a tsaye. Kuma ba ta yarda da dashe da sauƙi, ya sha gwadawa a gonar makaranta tana ƙi. Ya kuma sha ja mana kunne cewa ba abin jiƙawa a sha da ka ba ne, tana iya kisa.

'Yan ajinmu za su tuna Bitrus. Shi ya riga kowa ganowa a shekararmu, murna ta ɗebe shi ya fizgo saiwa guda ya taho da gudu. Malam ya karɓa, ya shinshina, ya ce lallai ita ce. Sannan ya ba shi sifiri.

"Ka san sunanshi, amma ka kashe shi," in ji Malam. "Wannan sani ba ya da amfani."

Bitrus, na san za ka karanta wannan. Ka yafe mini, dole ne in faɗa.

To, shekaru sun tafi. Gari ya cinye dajin. Inda muke tsinka silifas yanzu bulo ne da kwano, da masu gawayi a bayansu suna ƙarasa abin da ya rage. Ni na zama malamar firamare a Mayo Gwoi. Malam ya yi ritaya, hawan jinin ido ya tafi da ganinsa a hankali, daga baya jiki ma ya ƙi.

Bara ni da Abban Walida, maigidana, muka samu fili a can wajen. Da ranin nan ya tara bulo, ya kawo birkila aka ja igiya. Tsarinsa gida a baya, shago biyu a gaba suna kallon hanya, domin haya ta riƙa taimaka mana da kuɗin makarantar yara. Ya daɗe yana wannan mafarki, kuma ni shaida ce guminsa ne.

Na je gaida Malam, ina ba shi labari da murnata. Na kwatanta masa wurin. Ya ce ai nan ne wajen fitar Asabar. Ya tambaye ni ko an share filin. Na ce saura 'yan kwanaki masu sara su shiga.

Sai ya ce mini an daɗe ana gaya masa sanya ta ƙare a kewayen Jalingo, shi kuma ba shi da idon da zai je ya ƙaryata. Ya ce wannan bai kai wani abu ci masa rai ba. Yara nawa suka wuce ta hannunsa, amma bai sani ba ko akwai guda ɗaya da zai iya gane ta yau idan ba ya tsaye a bayansa. Ya faɗa yana murmushi, amma ni na san Malam, maganar ta daɗe tana cin sa.

"Kai Dija, kafin su sare, je ka duba mini."

Na fito daga gidan ina tunani. Rabona da durƙusa a gindin wani itace tun ina 'yar makaranta. Yanzu ga jiki ya yi nauyi, ga gwiwa tana ƙara.

Washegari bayan an tashi makaranta na hau keke napep na tafi. Rana tana dukan tsakar ka, komai ya bushe, duk itacen da na kalla kamar ɗan'uwansa. Sabara ba ta ba ni wahala ba, tana riƙe da ganyenta mai toka. Gauɗe ma na gane shi da rassansa masu tauri. Na durƙusa a gindin wani, na kankara, na shinshina, ƙasa kawai na ji. Na koma wani, ƙaya ta shiga hannuna, ashe tsada ce. Birkila da mutanensa suna zaune kan bulo suna kallon matar mai gida tana rarrafe da mayafi tana shinshinar yatsa. Ɗaya ya tambaya ko wani abu na yar.

Har na fara kakkaɓe zani zan haƙura, na hango wata a gaba, wajen hanya. Sanda ce kawai da 'yan rassa sirara, tsayinta bai wuce kafaɗata ba. Gefe guda na gindinta rami ne, an taɓa tone ta an kwashe saiwar wannan ɓangaren. Jikin ne ya tsayar da ni, fari-farin nan mai toka.

Na durƙusa ta ɗaya gefen. Na kawar da yashi. Na kankara.

Jama'a, ƙamshin nan ya doke ni har cikin ka. Ban san lokacin da hawaye ya zubo ba. Na mayar da yashi, na cike har tsohon ramin, na taka.

Da na miƙe na duba igiyar birkila, sai murna ta koma ciki. Tana tsakiyar shago na biyu daidai.

Daga nan ban wuce ko'ina ba sai Majidaɗi, na dunƙule yatsana a cikin mayafi kamar mai ɗauke da ƙwai, kada iska ta kwashe ƙamshin. Na samu Malam a kan tabarma a zaure, Adda Fadi tana ba shi kunu. Na durƙusa na miƙa masa yatsan kamar yadda muke yi a da. Ya riƙe hannuna, ya kai hanci, ya ja numfashi. Ya sake ja.

Ya ce bai ji komai ba. Adda Fadi ta yi ƙasa da murya ta gaya mini tun ciwon da ya yi bara hancin ma ya daina aiki, ko turare ba ya ji.

Raina ya ɓaci ƙwarai. Na ce to bari in koma in yanko ɗan guntun saiwa, ko a harshe ya ɗanɗana. Sai ya matse hannuna.

"Kai ka ji ƙamshin?"

Na ce na ji, Malam.

"Ka mayar da ƙasa?"

Na ce na mayar, na taka.

"To shi ne. Ba sai na ji ba."

Ya saki hannuna ya ce wa Adda Fadi ta ƙaro masa kunu, ita kuma tana mamaki, don kwana biyu da ƙyar yake shan rabin kofi. Muka yi ta hira, ya tambayi Bitrus, ya tambayi tsamiyar bikina. Da zan tafi ya ce Allah ya yi mini albarka. Ganina da shi na ƙarshe ke nan.

Saura kuma Abban Walida.

Ba zan yi masa ƙarya ba, mutumin kirki ne, amma da na ce a bar shago guda saboda itace, kallon da ya yi mini sai da na ji kunya. Ya je ya gani da idonsa. Ya ce wannan busasshiyar sanda? Ya tambaya ko Malam ya tabbatar. Na ce Malam ba ya gani, ba ya jin ƙamshi. Ya ce to wa ya tabbatar? Na ce ni. Na ce ya durƙusa ya shinshina da kansa, ya ce ko ya ji ƙamshin shi bai san na sanya ba, kuma ko ita ce, rabin saiwarta ya tafi, mutuwa za ta yi.

Mun kai ruwa rana. A ƙarshe ya ce zai fara da gida da shago na farko. Idan damina ta zauna sandar nan ba ta nuna komai ba, zai sare ta da hannunsa, kuma ba ya son jin wata magana. Na ce na yarda.

Na yarda a baki, amma Allah ya sani ban samu kwanciyar hankali ba. Masu aiki suka sa mata suna sandar Madam, suna rataya riga a jikinta sai na yi faɗa. Na kewaye ta da bulo don kada mai kawo yashi ya bi ta kanta. Aka yi ruwan farko, na je, shiru. Aka yi na biyu, sabara ta yi sabon ganye, ciyawa ta fito ko'ina, ita tana tsaye yadda take. Na fara tambayar kaina ko hancina ne ya yaudare ni, ko kuma na zo mata a makare. Adda Fadi takan kira ta ce Baba yana gaishe ni. Ta ce bai taɓa tambaya ko ta yi fure ba, ni kuma na ƙi zuwa saboda ba ni da abin da zan kai masa. Sai na ɗauke ƙafa daga filin ma na ɗan lokaci.

Jiya da la'asar ina wajen taron iyayen yara a makaranta, Abban Walida ya kira daga filin. Ya je duba aikin birkila. Muryarsa wani iri, har na tsorata ko wani ya faɗo daga gini.

Ya ce, "Maman Walida, sandarki ta yi fure. Tun daga bakin hanya nake jin ƙamshi."

Na fita waje na jingina da bango. Ba zan iya barin taron ba, sai na ce ya tsinki ɗan reshe ƙarami guda ɗaya, kada ya ƙara, ya kai wa Malam yanzu, ni gobe in an tashi zan je. Goben ke nan yau.

Da ya dawo gida ya ba ni labari, kuma ban taɓa ganin sa yana magana a hankali haka ba. Ya ce ya samu Malam a kwance, Adda Fadi ta ɗaga shi ta jingina da filo. Ya sa masa reshen a hannu. Malam ya bi furen da yatsu ɗaya bayan ɗaya, ya daɗe yana shafawa, bai ce komai ba. Abban Walida ya ga shirun ya yi yawa, sai ya ce, Malam, ashe dai gaskiyarta ce, sanya ce.

Ya ce Malam ya yi dariya har da tari.

"Kai ne kake jiran fure. Ni tun ranar da Dija ya zo na gama magana. Ɗalibina ne."

Daga nan ya nemi a ba shi ruwa, ya ce yana so ya kwanta.

Abban Walida ya gama ba ni labari, ya cire hula ya ajiye, ya ce gobe zai gaya wa birkila ya kwance igiyar shago na biyu. Ban roƙe shi ba, ban ma tayar da maganar ba.

Ina kuka ina rubuta wannan, amma wallahi ba baƙin ciki kaɗai ne a raina ba. Ina alfahari. Ina alfahari da na zauna a ajin mutumin nan, na bi bayan kekensa a cikin yashi. Na yi makarantu bayan tasa, an ba ni takardu masu hatimi, babu wadda ta kai mini kalmar da ya faɗa jiya. Kuma na gode wa Allah da ya sa reshen ya isa hannunsa yana da rai.

'Yan fitar Asabar, duk inda kuke, tana nan a filinmu cikin fure. Wanda yake son gani ya neme ni in kai shi, ya zo da 'ya'yansa. Da rani kuma zan kwashi 'yan ajina in kai su, lokacin da ba ganye ba fure.

Za a yi jana'izarsa bayan sallar azahar a ƙofar gidansa a Majidaɗi.

Ya Allah, ga bawanka Hamman ya zo gare ka. Ka gafarta masa, ka yi masa rahama, ka yalwata kabarinsa ka haskaka shi. Idon da ka karɓa a duniya ka mayar masa da wanda ya fi shi, ka sa ya buɗe shi a Aljanna Firdausi. Duk yaron da ya ciyar a ɓoye, duk itacen da ya hana a kashe, ka sa a mizaninsa. Ka ba Adda Fadi da sauran iyali haƙurin wannan rashi.

Ku kuma da kuka karanta har nan, ko kun san shi ko ba ku san shi ba, ina roƙon ku kada ku wuce haka. Ɗalibansa Musulmi da Kirista, duk ya ɗauke mu 'ya'ya, kowa ya roƙa masa ta yadda ya saba. Ku ambaci sunansa, Malam Hamman, ku ce Allah ya jiƙan sa.